Ƙurajen zazzaɓi a leɓe: man shafawa, ƙwaya, zuma, ko a bar su su warke da kansu?

Akwai mutanen da duk zazzaɓin da ya kwantar da su sai ya bar musu tsaraba a leɓe. Jiki na fara sauƙi sai wani gefe na leɓen ya soma ƙaiƙayi da tsikari. Kafin gari ya waye ƙananan ƙuraje masu ruwa sun taru wuri guda, su fashe, su yi ɓawo, ɓawon kuma ya riƙa tsagewa duk sanda aka yi dariya ko hamma. A gida sai a ce zazzaɓin ne ya fito. Daga nan kowa da tasa shawarar. Wannan ya ce a shafa man goge baki, wancan ya ce zuma, mai kemis ya miƙo ɗan man shafawa, wani kuma ya rantse ƙwaya ce kaɗai magani.

Duk wanda zai zaɓa a cikin waɗannan, abu na farko da ya kamata ya tambayi kansa shi ne: yau kwana nawa da farawar abin? Maganin da zai yi amfani a sa'o'in farko, ranar uku asarar kuɗi ne kawai.

Dalilin yana cikin halin ƙwayar cutar. Bairos ne da ake kira hafis nau'i na ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi, wato kashi 64 cikin ɗari. Akasarinsu tun suna yara suka same shi ta hanyar yawu: sumbatar manya, moɗa ɗaya, cokali ɗaya. Saboda haka fitowar ƙurajen ba shaidar wani abin kunya ba ce. Idan ya shiga jiki sai ya bi jijiyar fuska ya je ya laɓe a wani ƙullin jijiyoyi a cikin kai, ya zauna har ƙarshen rayuwa. Mutane da yawa ba zai taɓa nuna kansa a jikinsu ba. Wasu kuwa zazzaɓi, mura, zafin rana, iskar hunturu, jinin al'ada, gajiya ko damuwa su kan tashe shi, ya biyo jijiyar ya dawo leɓe, yawanci wurin da ya saba fitowa. A kwana ɗaya zuwa biyu na farko yake hayayyafa da sauri. Lokacin da ƙurajen suka fashe suka fara ɓawo ya riga ya gama yawancin ɓarnarsa, abin da ya rage aikin fata ne ta haɗe, kuma wannan kan ɗauki kwana bakwai zuwa goma, wani lokaci har mako biyu. Duk magungunan hafis hayayyafar suke tarewa. Ba sa kashe wanda ya laɓe, ba sa kuma ɗinke fata.

Kafin a sayi komai, a tabbatar su ɗin ne

Ba duk ciwon leɓe ne ƙurajen zazzaɓi ba, kuma kuskuren da ake yi a nan ya fi wanda ake yi wajen zaɓen magani tsada. Gyambon da ke fitowa can cikin baki, a cikin kumatu ko ƙarƙashin harshe, fari mai jan baki kewaye, wani abu ne daban: ba ya yaɗuwa, maganin hafis kuma ba ya yi masa komai. Tsagewar da ke kama kusurwar baki dama da hagu ta fi alaƙa da ƙarancin jini, ƙarancin wasu sinadaran abinci, ko yawun da ke taruwa a wurin. Ƙurajen da ke yi wa yara ɓawo rawaya kewayen hanci da baki, suna bazuwa zuwa kumatu, na bakteriya ne, su ne ke buƙatar antibayotik.

Wanda ya fi ruɗa mutane a ƙasarmu shi ne tabon magani. Akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da wasu ƙwayoyi, musamman masu sinadarin salfa irin su Fansidar da Septrin. Suna sha, cikin sa'o'i ko kwana ɗaya sai wani wuri a leɓe ya yi zafi, ya yi duhu, wani lokaci ya tashi ya yi ruwa. Idan ya lafa sai ya bar baƙin tabo na watanni, kuma duk ranar da aka sake shan ƙwayar nan, wurin nan dai zai sake tashi. Tun da ana zazzaɓi ne aka sha ƙwayar, sai a ɗora wa zazzaɓin laifi, a ci gaba da sha shekara da shekaru. Bambancin a bayyane yake ga mai lura: ƙurajen hafis ƙanana ne a tare, suna warkewa ba tabo, shi kuwa wancan faffaɗa ne, zagayayye, yana barin baƙi. Mai irin wannan ya riƙe sunan ƙwayar ya gaya wa duk likitan da zai duba shi, mai ciki kuma ta faɗa a wurin awo, domin a can ana ba da Fansidar don kariya daga maleriya. Idan kuwa bayan shan magani leɓɓa da ido da cikin baki suka saɓule gaba ɗaya, wannan na asibiti ne a take.

Sannan maganar "zazzaɓin ya fito". Fitowar ƙurajen ba ta nuna maleriya ce, domin namoniya da sanƙarau ma suna tayar da su. Ba ta kuma nuna zazzaɓin ya ƙare. Wanda gwaji ya nuna yana da maleriya aka ba shi maganin kwana uku, ya shanye shi duka ko leɓe ya tashi ko bai tashi ba.

Man shafawa

Wanda aka fi samu shi ne man asiklobir mai ƙarfin kashi biyar cikin ɗari, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Zovirax, ko da yake kamfanoni da dama suna yin nasu mai sauƙin kuɗi. Maganin ya fito ne daga ɗakin binciken kamfanin Burroughs Wellcome a shekarun 1970, ƙarƙashin Gertrude Elion wadda ta sami kyautar Nobel a 1988. Hikimarsa ita ce ba ya fara aiki sai wani sinadari da bairos ɗin kansa yake samarwa ya kunna shi, shi ya sa bai cika taɓa lafiyayyun ƙwayoyin jiki ba.

Ana shafa shi sau biyar a rana, kusan duk awa huɗu, har kwana biyar. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne yana rage tsawon ciwon da kusan rabin kwana. Rabin kwana, a ciwon da ke ɗaukar mako guda ko fiye. Matsalarsa ita ce bai cika ratsa fata sosai ba. 'Yan'uwansa ma haka suke: man fensiklobir, da ake shafawa duk awa biyu har kwana huɗu, da dokosanol da ake sayarwa a Amurka da sunan Abreva, duka ribarsu ba ta kai kwana ɗaya cikakke ba.

To a ƙyale shi ke nan? Ba haka ba. Yana da araha, illarsa ba ta wuce ɗan raɗaɗi ko bushewar wurin, kuma ga wanda ya san tsikarinsa, ya shafa a sa'ar farko, yakan sa ƙurajen su zo da sauƙi. Amma dubi yadda aka saba saye. Sai an tashi da safe an ga leɓe ya kumbura, a jira a taso daga aiki, a biya kemis da yamma, wato kwana biyu da fara tsikarin. Wannan ihu ne bayan hari. Man nan amfaninsa yana ga wanda ya saye shi tun lafiya lau ya ajiye a jaka ko aljihu, nesa da zafin rana. Idan za a shafa, a wanke hannu kafin da bayan, a ɗan ɗora shi a hankali ba tare da murzawa ba, kada a sa shi cikin baki ko kusa da ido.

Ƙwaya

Nan ne ake samun bambancin da mutum zai iya gani da idonsa, domin maganin yana isa wurin ta jini. Iri uku ne.

Ƙwayar asiklobir ita ce ta ko'ina, ita ce kuma mai sauƙin kuɗi. Hanji ba ya tsotse ta da kyau, abin da ke shiga jini bai cika wuce kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari ba, kuma ba ta daɗewa a jiki. Shi ya sa ake shan miligiram 200 ko 400, gwargwadon yadda likita ya tsara, sau biyar a rana har kwana biyar. Ƙwaya 25 ke nan, kowace da lokacinta. Mai zaman ofis zai iya. Direban da ke kan hanyar Kano zuwa Legas ko manomin da ke gona tun asuba, da wuya ya cika.

Balasiklobir, wanda ake sayarwa da sunan Valtrex da wasu sunaye, asiklobir ne aka yi wa gyara don hanji ya karɓe shi sosai. Yana shiga jiki sai ya koma asiklobir, kuma fiye da rabinsa yana isa jini. Ga ƙurajen leɓe, babba mai lafiyar ƙoda yakan sha giram biyu da jin tsikarin farko, ya sake shan giram biyu bayan awa 12, shi ke nan an gama. Yana rage ciwon da kusan kwana ɗaya, kuma a wasu mutanen abin yakan tsaya a ja da ɗan kumburi bai kai ga yin ruwa ba. Kuɗinsa ya ninka na asiklobir, ba kowane kemis ke da shi ba, sai manyan shagunan magani na birni. Na ukun, famsiklobir, miligiram 1,500 ake sha sau ɗaya tak, amma samunsa a wajenmu wahala ne, ba sai na tsawaita a kansa ba.

A ganina, wanda abin ke zuwa masa da ƙarfi, leɓe ya kumbura har cin abinci ya gagara, ko wadda bikinta ya matso kuma ta san gajiya da rashin barci suna tayar mata da shi, balasiklobir ne ya dace a nema musu tun kafin lokaci. Tsadar tasa ta kwana ɗaya ce, kuma maganin da ake gamawa a yini guda ya fi wanda ake mantawa da shi a rana ta biyu. Idan aljihu bai kai ba, asiklobir yana yin aikin, matuƙar za a bi agogo. Ga mai azumi bambancin ya ƙara fitowa: sau biyar a rana ba ya shiga tsakanin sahur da buɗa baki, sau biyu kuwa yana kusa da shiga.

Sai dai azumin ya kawo mu ga haɗarin ƙwayoyin nan. Ta ƙoda suke fita, kuma idan jiki ba ruwa suna iya taruwa su wahalar da ita. Wanda ya fito daga zazzaɓi da amai, jikinsa a bushe, sannan ya haɗiye giram biyu ba tare da shan ruwa sosai ba, ya yi ganganci. Mai ciwon ƙoda, dattijo, da wanda ya daɗe da ciwon suga ko hawan jini, likita ne zai rage musu adadi, domin idan maganin ya taru a jikin tsoho har ruɗewa yakan kawo. Mai ciki da mai shayarwa su tambaya a asibiti tukuna, ko da yake asiklobir yana cikin magungunan da aka daɗe ana ba mata masu ciki idan buƙata ta kama. Waɗannan ƙwayoyi na takardar likita ne, ko da mai kemis ya yarda ya sayar ba tare da ita ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Zuma, basilin da man kaɗanya

Zuma tana da hujjar da ta fi ta sauran magungunan gida. A ƙasar New Zealand an yi gwaji da mutum 952, aka buga sakamakon a 2019: rabi suka shafa man asiklobir, rabi suka shafa zumar wani itace na can mai suna kanuka, kowa sau biyar a rana. Masu man suka warke a kusan kwana takwas, masu zuma a kusan kwana tara, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a yi la'akari da shi ba. Masu sayar da zuma suna son wannan labari, amma fuska biyu gare shi. Yana iya nufin zuma ta kamo man, yana kuma iya nufin dukansu biyu ba su yi wani abin a zo a gani ba, tun da ba a sa rukuni na uku da bai shafa komai ba. Kuma zumar tasu tatacciya ce da aka shirya don magani, ba wadda ake cika kwalba da ita a tasha, rabinta narkakken suga ba. Duk da haka, wanda ke da zuma mai kyau a gida ya ɗiga kaɗan a kan ciwon bai yi laifi ba, tana hana ɓawon bushewa ya tsage. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba kam ba a sa masa zuma a baki.

Basilin da man kaɗanya ba sa taɓa bairos ko kaɗan. Aikinsu su tausasa ɓawon, su hana shi tsagewa da zubar jini, kuma da hunturu wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Idan an haɗa da farasitamol don zugi, da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma mai tsabta a ɗora na 'yan mintuna, to ga lafiyayyen mutum da abin ke zuwa masa sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma bai farga ba sai da ƙurajen suka fashe, wannan shi ne zaɓin da ya fi hankali. Sai dai a ɗebi man da tsinken auduga, ko a ware wa mai ciwon nasa ɗan gwangwani, kada yatsan da ya taɓa ciwon ya koma cikin wanda duk gida ke shafawa.

Man goge baki, lemun tsami, gishiri, tafarnuwa, turare da kanwa duk aikinsu ɗaya: su ƙona fatar da ke ƙoƙarin haɗewa. Zafin da ake ji ana cewa magani na ci, ƙuna ce, ita ce kuma ke barin tabon da ƙurajen da kansu ba sa bari. Fasa kafson Ampiclox a barbaɗa garin a kai ba ya yi wa bairos komai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa don kowane irin ƙaiƙayi, waɗanda mata da yawa ke da su a ɗaki saboda gyaran fata. A cikinsu akwai sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke danne garkuwar fata a daidai lokacin da take faɗa da bairos. Jan zai ragu kwana ɗaya, mutum ya ce ya samu magani, sannan ciwon ya faɗaɗa. Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai man da ya haɗa asiklobir da ɗan sitiroyid mara ƙarfi, amma can maganin bairos ɗin yana ciki yana tsare wurin. Na cikin ɗakunanmu babu shi.

Wanda abin ya zame masa ɗan gida

Idan ƙurajen suna dawowa sau shida ko fiye a shekara, bin su ɗaya bayan ɗaya ya zama wahala. Likita na iya ɗora mutum a kan ƙwayar kullum, asiklobir miligiram 400 safe da yamma ko balasiklobir miligiram 500 sau ɗaya a rana, na wasu watanni, sannan a tsaya a ga yadda jiki zai yi. Yana rage yawan dawowar, ba ya kawar da ita, kuma idan an daina sha abin na iya komawa yadda yake. Kafin a kai nan, a duba abin da ke tayar da shi. Wanda rana ce ke tayar masa, kamar ɗan acaɓa, mai talla, ko maniyyacin da zai yi tsayuwar Arfa, malafa ko lema da man leɓe mai kariyar rana na lamba 30 sun fi masa ƙwaya sauƙi. Wanda maleriya ce, gidan sauro ne maganin leɓensa.

Akwai kuma waɗanda duk wannan kwatance bai shafe su ba, domin nasu ba na zaɓe a kemis ba ne. Yaro ƙarami da bairos ɗin ya shiga jikinsa karon farko yakan yi zazzaɓi mai zafi, dasashi ya kumbura ya yi ja, baki ya cika da gyambo, yawu na zuba, ya ƙi ci ya ƙi sha. Haɗarinsa bushewar jiki ne, kuma asiklobir na taimaka masa idan an fara cikin kwana uku na farko. Kada a ba shi asfirin. Mai ciwon fatar nan mai bushewa da ƙaiƙayi da ke kama lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, hafis na iya bazuwa a fatarsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ido ya yi ja, yana zafi, yana ƙin haske alhali akwai ƙuraje a leɓe, likitan ido za a nufa a ranar, kada a ɗiga maganin idon da aka saya a kemis, domin da yawansu suna da sitiroyid, kuma haɗuwarsa da hafis a ido tana makantarwa.

Jariri sabon haihuwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Abin da babba zai gama da shi cikin mako guda, a jikin jaririn da bai wuce makonni shida ba yana iya shiga jini, hanta da ƙwaƙwalwa, ya kashe shi ko ya bar shi da naƙasa. Ranar suna kuwa jariri hannu-hannu yake yawo, kowa ya sumbace shi. Duk mai ƙuraje a leɓe, ko kaka ce ko gwaggo, ta yi barka daga nesa. Idan za a tauna dabino a sa masa a baki ko a yi masa tofi, a bar wa wanda bakinsa lafiya lau. Mai jego da abin ya fito mata ta ci gaba da shayarwa matuƙar babu ƙurji a kan nonon, ta riƙa wanke hannu, ta sa takunkumi, ta haƙura da sumba har ɓawon ya faɗi. Jaririn da ya ƙi kama nono, ya yi laushi, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi fiye da kima, a kai shi asibiti ko ba a ga ƙurji ko ɗaya ba, kuma a gaya wa likita cewa wani mai ciwon leɓe ya taɓa shi. Maganinsa asiklobir ne ta jijiya, a kwance a asibiti. Ma'aurata ma su sani cewa baki na iya kai bairos ɗin zuwa al'aura, sai a dakata har wurin ya warke sarai.

Ciwon leɓen da ya wuce mako biyu bai nuna alamar rufewa ba, ko yake ƙara faɗi da zurfi, ya fita daga sahun ƙurajen zazzaɓi na yau da kullum. Yana iya zama alamar garkuwar jiki ta yi rauni, shi ya sa likita zai so a gwada cutar HIV da suga, ya kuma tambaya ko ana shan sitiroyid, irin wanda wasu 'yan mata ke sha don ƙiba. A jikin zabiya, ko dattijon da ya shekara yana aiki cikin rana ko yana shan taba, gyambon leɓen ƙasa da ya ƙi warkewa ana ɗaukar ɗan yankinsa a auna, domin kansar leɓe da haka take farawa.